Yadda Ake Gwada Wayar Ƙasa da Turjiyar Zagaye a Layin Fitilu

Tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini daga 'yan'uwa masu aikin wayarin, daga nan Birnin Kebbi har Jega da Argungu: idan an gama jan wayar fitilu, yaya mutum zai tabbatar cewa wayar ƙasa, wadda muke kira at, ta isa kowace fitila, kuma wuta za ta yanke da kanta idan laif ta taɓa ƙarfe? Wasu sun ce sun ga na'urar gwajin a hannun jami'an NEMSA masu duba aiki, amma ba su san lambar da ake karantawa ba. To ga yadda nake yi, daki-daki.

Layin fitilu shi ne maraya a gidajenmu. Soket kowa na ja masa waya uku, amma fitila sai a ja mata ja da baƙi kawai, a ce ai kwai ne. Alhali a kan layin nan ake rataya fankar silin mai jikin ƙarfe, da fitilun katanga, da akwatunan makunni na ƙarfe da aka binne a bango. A wata damina an kira ni wani gida a Badariya, yarinya ta kama ƙofar ƙarfe wuta ta fizge ta, Allah ya yi da sauran kwana. Ruwa ne ya shiga fitilar da ke kan ginshiƙin ƙofar. Fitilar tana ci lafiya lau, bireka ba ta ko motsa ba, kuma da na buɗe bututu ban tarar da koriyar waya ko ɗaya ba.

Kayan aiki da kuɗinsu

Kana bukatar na'urar auna ƙaramar turjiya (wato yadda waya ke tauye wucewar wuta, da om ake auna ta) wadda ke tura aƙalla miliamfiya 200 cikin waya, da na'urar auna turjiyar zagaye, wato ta dukan hanyar da wuta ke bi ta dawo idan laif ta taɓa ƙarfe. Yawanci suna zuwa a haɗe cikin akwati ɗaya tare da gwajin rufin waya da na RCD (makunnin da ke yanke wuta da kansa idan ta zurare), irin na Megger, Fluke ko Kyoritsu. Sai abin gwada wuta mai baki biyu, guntuwar waya mai ƙugiya a kowane gefe wadda za ta zama gada, doguwar waya mai laushi kamar mita 30 zuwa 50, sukundireba mai rufin roba, tsanin katako ko na faiba, ƙaramin kwaɗo, da littafin rubutu.

Na'urar haɗe tana da tsada, kuma farashinta dala yake bi. Shawarata ku haɗu ku uku ko huɗu ku saya, ko ka ɗauko haya wurin wanda yake da ita ka sa kuɗin cikin jingar aiki tun farko. Ƙaramar maltimita mai ƙara "tiii" ba za ta yi wannan aikin ba. Wutar da take turawa ba ta taka kara ta karya ba, ko silin waya ɗaya ne ya rage a maƙale za ta yi maka ƙara, ka tafi kana murna.

1. Kashe wuta, ka tabbatar ta mutu

Sauke babban makunni da birekar layin da za ka yi aiki a kai, ka sa kwaɗo, ka jefa makulli a aljihunka. Gwada abin gwajin naka a wurin da ka san akwai wuta, ka dawo ka gwada layin: laif da nutural, laif da at, nutural da at. Sannan ka sake komawa wurin mai wuta ka tabbatar abin gwajin bai mutu a hannunka ba.

Hattara: "ai an ɗauke wuta" ba kashe wuta ba ne. Ana iya kawo ta kana bisa tsani. A gidan da ke da janareta ko sola, ka mayar da canjoba, wato makunnin sauya wuta, tsakiya, ka kashe inbata, domin layin fitilu shi ne na farko da ake ɗorawa kan inbata. Ka gaya wa mutanen gida da bakinka kada wanda ya tada inji. Tastar sukundireba mai ɗan kwai a ciki kuwa ba shaida ba ce, a rana tsaka ma da kyar ake ganin haskenta.

2. Shirya layin

Cire duk kwayayen fitila, musamman na LED. Cire wayar regiletan fanka da na makunnin rage haske, ka haɗa bakin biyu kai tsaye na ɗan lokaci. Zagaya gidan ka ƙirga wuraren da ke kan layin: fitilu nawa, fanka nawa, makunni nawa, wanne ne mafi nisa daga allon rabon wuta, wato DB. Rubuta su a jere. Sau da yawa mafi nisan ba a cikin ɗaki yake ba, yana can bayan gida ko kan katanga.

3. Cire turjiyar wayoyin na'urar

Haɗa bakin wayoyin na'urar biyu, ka danna maɓallin mayarwa sifili har ta nuna 0.00. Idan da gadar za ka yi aiki, ka sa ta cikin haɗin. Wayoyin nan kaɗai suna iya cin 0.1 ko 0.2 na om, kuma a gwajin da duka lambarsa ba ta kai om ɗaya ba, wannan ba ƙaramin kuskure ba ne.

4. Gwajin R1+R2

Nan ne zuciyar aikin. R1 turjiyar wayar laif ce daga DB zuwa fitila, R2 kuma ta wayar at ce daga fitila ta dawo DB. Muna haɗa su su zama zobe ɗaya mu auna.

A DB, kwance wayar laif ta layin daga ƙarƙashin birekarta, ka haɗa ta da wayar at ta layin da gadar nan. Je fitila ta farko, kunna makunninta, ka ɗora baki ɗaya na na'ura a kan laif, ɗaya a kan at, ka karanta. Idan fitilar ko fankar mai jikin ƙarfe ce, ka sake aunawa daga laif zuwa jikin ƙarfen kansa, a wurin da babu fenti, kamar kan noti. Na sha ganin koriyar waya ta iso silin lafiya, amma an naɗe ta an tura gefe ba a ɗaura ta a jikin fanka ba.

Kana riƙe da na'urar, sa yaronka ya kashe makunni. Lambar ta ɓace, na'ura ta nuna layi a buɗe. Idan ya kashe amma lamba na nan, makunnin a kan nutural aka sa shi, wato fitila za ta mutu amma wuta na zaune a mazaunin kwan tana jiran mai canza kwai. Gyara shi nan take. A mazaunin kwan mai murɗi, laif a tsakiya take, ba a jikin zoben ba.

Inda makunni biyu ke sarrafa fitila ɗaya, kamar a zaure ko matakalar bene, ka auna a duk yanayin da fitilar za ta iya kamawa, domin kowane yanayi da wayar da yake bi. Kada ka tsallake akwatunan makunni na ƙarfe, su ma ka taɓa su.

Haka za ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Lamba za ta riƙa hawa a hankali yayin da kake nisa da DB. Wadda ta fi kowacce girma ita ce R1+R2 ta layin, ita za ka rubuta.

Hattara: kada ka auna fitilar ƙarshe kaɗai ka ce sauran sun wuce. A wayarin bututu irin namu, ana reshe daga akwatin mahaɗa, reshe ɗaya yana iya rasa at ɗaya na da ita.

5. Me lambar ke gaya maka

Kada ka karɓi lamba don kawai ta fito. Ka lissafa abin da ya kamata ka gani tukuna. Wayar tagulla ta 1.5 tana da om 1.21 a kowace mita 100, ta 1.0 tana da 1.81, ta 2.5 kuma 0.74, a yanayin zafi na digiri 20. Idan laif da at duka 1.5 ne, kuma nisan fitilar ƙarshe mita 35 ne, wutar gwaji za ta je ta dawo, mita 70 ke nan, ya kamata ka ga wajen 0.85. A zafinmu na Afrilu da Mayu, lokacin da waya ke kwance ƙarƙashin kwano, ƙara kamar kashi 8 cikin 100 a kai, domin turjiyar tagulla na hawa da zafi.

Idan lamba ta yi tsalle tsakanin fitila biyu da ke kusa da juna, a ce daga 0.5 zuwa 2.3, akwai sakakken haɗi a tsakaninsu. Buɗe akwatin mahaɗa, galibi za ka tarar an murɗe waya da hannu an naɗe da salatif. Sa mata kanekta ka ɗaure. Idan lamba tana rawa ba ta tsayawa, noti ne bai ɗauru ba, ko tsatsa.

Idan kuwa duk lambobin sun hau tare, a ce kana jiran 0.85 ka ga 1.3 ko 1.4, to wayar kanta ka tuhuma. Ko dai an rubuta 1.5 a kwali amma cikinta bai kai ba, ko kuma alminiyon ne aka shafa wa ruwan tagulla, wanda turjiyarsa ta fi ta tagulla da fiye da rabi. Kankare bakin wayar da wuƙa, in ka ga fari a ciki ka sami amsa. Wannan gwajin ya sha raba ni gardama da masu gida da suka sayo waya da kansu don neman sauƙi. Ba na musu, na'ura nake nuna wa Alhaji ya karanta da idonsa.

Idan na'ura ta nuna layi a buɗe, at ta yanke ko ba a ja ta ba sam. Babu dabara a nan sai jan sabuwar koriyar waya. Kuɗin ƙunshi ɗaya ko biyu na waya da aikin yini ne idan bututun bai toshe ba. Idan an riga an rufe da silin POP, aikin ya fi haka wuya, shi ya sa nake roƙon 'yan'uwa su yi wannan gwajin kafin masu silin su shigo.

6. Hanyar doguwar waya

A tsohon gida da ba ka san yadda aka bi da waya ba, ko wurin fitilun katanga, wannan ta fi sauƙi. Ɗaura bakin doguwar wayar a sandar at ta DB, inda duk koriyar waya ke haɗuwa, ka mayar da na'ura sifili tare da doguwar wayar gaba ɗaya, sannan ka zagaya kana taɓa kowane ƙarfe. R2 kaɗai take ba ka, kuma ba ta nuna maka ko makunni na kan laif, don haka ba ta maye gurbin mataki na 4 a sabon aiki.

7. Cire gada, gwada rufin waya

Cire gadar nan, ka riƙe ta a hannunka ka kalle ta, sannan ka mayar da laif ƙarƙashin bireka. Wanda ya manta ta ya ɗaga wuta, ya haɗa laif da at kai tsaye a gaban fuskarsa.

Kafin ka kawo wuta, gwada rufin waya da bolt 500. Mafi ƙarancin abin karɓa megom 1 ne, wato om miliyan ɗaya, sabon aiki kuwa ya kamata ya ba ka ɗaruruwa. Ka tabbatar ka gwada tsakanin nutural da at, bayan ka cire nutural ɗin layin daga sandarta. Dalilina shi ne akwai wata muguwar dabara da wasu ke yi: idan babu at a fitila, sai su ɗauko guntuwar waya daga nutural su ɗaura a jikin ƙarfen. Na'urar zagaye za ta ba da lamba mai kyau, amma ranar da nutural ta yanke a sama, jikin fanka ya zama laif. Wannan gwajin ne ke tona ta.

8. Auna Ze a bakin shigowar wuta

Daga nan aikin da wuta ake yinsa. Wanda bai ƙware ba ya tsaya gefe ya kalli maigidansa. Takalmi mai roba, busasshiyar ƙasa, hannu a bayan shingen bakin na'ura.

Ze ita ce turjiyar hanyar da ke wajen gidan: daga rodin ƙarfen da aka kafa a ƙasa don at, ta cikin ƙasa, zuwa taransifomar Kaduna Electric, ta dawo ta wayar laif. Babban makunni yana kashe, kwance babbar wayar at da ta fito daga rodi daga jikin sandarta, ka auna tsakanin laif mai shigowa da wannan wayar. Gidan da ke da fes uku, ka auna kowanne ka riƙe mafi girma.

Hattara: muddin wayar nan na kwance, gidan ba shi da kariya ko kaɗan. Mayar da ita ka ɗaure tamau kafin ka taɓa babban makunni.

A yawancin gidajenmu waya biyu ko huɗu ce ke saukowa daga fol, babu at a cikinsu, rodin gida shi ne komai. Don haka kada ka yi mamakin ganin om 30, 80, ko sama da 100. Gidan da ke kusa da fadama, inda ƙasa ke da laima, yakan ba da lamba ƙarama. Na kan tudu mai yashi da tsakuwa yakan ba da babba, kuma rodi ɗaya zai ba ka lamba biyu, ta Agusta daban ta Maris daban. Ta rani ita ce ta gaskiya. Idan ka ga ƙasa da om 1 a gidan da rodi kaɗai gare shi, nemi inda aka haɗa nutural da at a cikin DB ko bayan mitar wuta. Irin wannan haɗin ba abin da mai wayarin zai yanke wa kansa hukunci ba ne, domin idan nutural ta tsinke a kan fol, duk ƙarfen gidan zai ɗauki wuta.

9. Auna Zs a fitila mafi nisa

Zs ita ce dukan zagayen, wato Ze a tara da R1+R2. Kana iya lissafa ta da biro, kuma a fitilar da ke can ƙololuwar silin na fi son lissafin a kan mutum ya hau tsani da wayoyi uku a hannu wuta na gudu. Inda wurin ke da sauƙin kai hannu, mayar da komai, ɗaga wuta, kunna makunni, ka auna a wurin da ya ba ka R1+R2 mafi girma. Idan akwai RCD a layin, zaɓi gwajin da ba ya faɗar da shi, in ba haka ba kana dannawa wuta za ta yanke. Auna sau biyu ko uku, domin wutarmu na hawa da sauka. Ranar da wuta ta zo ƙasa sosai na'ura na iya ƙin yin gwajin, sai ka jira.

Abin da ka auna ya yi kusa da abin da ka lissafa. Idan ya ɗan gaza, wata hanya ce ta taimaka, kamar bututun ruwa na ƙarfe ko rodin gini. Idan ya fi shi da yawa, koma ka nemi sakakken haɗi.

10. Kwatanta da bireka

Duba harafi da lambar da ke jikin bireka. Mai harafin B tana bukatar ninki 5 na lambarta kafin a tabbatar za ta faɗi nan take, mai C tana bukatar ninki 10. A wutar bolt 230, ƙa'idar wayarin ta Birtaniya, BS 7671, ta sa iyakar Zs haka: B6 om 7.28, B10 om 4.37, C6 om 3.64, C10 om 2.19. Tunda waya a sanyaye muke aunawa alhali da kaya a kanta za ta yi zafi, kashi 80 cikin 100 na waɗannan ake riƙewa: 5.82, 3.50, 2.91 da 1.75. C10 ce na fi tararwa a kan fitilu a garin nan, kuma ita ce mafi tsananin sharaɗi a cikinsu.

Yanzu ɗauki gidan da Ze ta ba da 45, R1+R2 ta ba da 0.9. Zs ta zama kusan 46. Raba 230 da 46, amfiya 5 ke nan. Birekar C10 tana jiran amfiya 100 don ta faɗi nan take, ga shi ana ba ta 5, ƙasa ma da abin da aka yi ta ta ɗauka kullum. Za ta zauna haka har gobe, jikin fanka na ɗauke da wuta, mita na cin kuɗi. Wannan gida yana da rodi, yana da koriyar waya a ko'ina, kuma duk da haka bireka kaɗai ba za ta ceci kowa ba.

Maganinsa RCD ne, wanda wasu ke kira ELCB, mai miliamfiya 30. Shi bambancin wutar da ta fita da wadda ta dawo yake kallo, ba yawanta ba. Sharaɗinsa shi ne turjiyar rodi idan aka ninka da miliamfiyarsa kada ta wuce bolt 50. A lissafi wannan ya ba mai 30 damar har om 1667, amma duk rodin da ya haura 200 ba a amince masa, domin lambarsa ba ta tsayawa wuri ɗaya. Idan naka ya haura, ƙara zurfi har ka kai laima, ko ka kafa na biyu nesa da na farko da aƙalla tsawon rodin, ka haɗa su. Gawayi da gishirin da aka saba zubawa suna sauke lamba a farko, amma gishiri na cin rodi da ƙugiyarsa, ruwan damina kuma na wanke shi. Ka bar ramin dubawa mai murfi a kan rodin maimakon a shafe shi da siminti.

Gwada RCD ɗin da na'ura: a miliamfiyarsa ya faɗi cikin milisakan 300, a ninki biyar cikin milisakan 40. Sannan ka danna maɓallin gwajin da ke jikinsa a gaban mai gida, ka ce ya riƙa danna shi lokaci-lokaci. Ka kuma gargaɗe shi tun yanzu: ranar da ya fara faɗuwa da damina, laifi ya gani a wani wuri, a kira mai gyara ya nemo, kada a bari wani ya zagaye shi da waya don "yana damun mutane".

11. Janareta da inbata

Duk lambobin Ze da Zs da ka samu na wutar taransifoma ne. Da an juya canjoba, zagayen ya canza. Yawancin ƙananan janareta da wasu inbata ba sa haɗa nutural ɗinsu da ƙasa, don haka RCD na iya ƙin faɗuwa, kuma ƙarfinsu bai kai ya faɗar da bireka nan take ba. Tada injin, juya canjoba, ka sake gwada RCD da na'ura a kan wannan wutar. Idan bai faɗi ba, duba littafin injin kan yadda ake haɗa nutural da ƙasa a gefensa, kuma canjoba ta kasance mai yanke laif da nutural tare. Jikin janareta da na inbata su ma a ɗaure su da sandar at ta gidan.

12. Rubuta, ka rufe

Ga kowane layi rubuta sunansa, kaurin waya, irin bireka, R1+R2, rufin waya, Ze, Zs, lokacin faɗuwar RCD, da ranar da ka auna. Ka sa watan a fili, domin wanda zai karanta ya san ko da rani aka yi ko da damina. Ba mai gida kwafi ɗaya, ka liƙa ɗaya a cikin murfin DB. Mayar da kwayaye da regileta, ɗaure murafen makunni, sannan ka ƙirga kayan aikinka, gadar nan ta zama ta farko da za ka nema a cikin jaka. Idan da damina ka yi aikin, sa wa kanka rana a watan Maris ka dawo ka sake auna rodin.